Wane lilo Alton Towers zai gina nan gaba, kuma su wa za a gina wa?

Wane lilo ne Alton Towers, wani babban wurin wasanni da ke Ingila, zai gina nan gaba, kuma su wa za a gina wa: matasa masu neman abin da zai kaɗa musu hanji, ko iyaye masu riƙe da hannun ƙananan yara? Wannan ita ce tambayar da masu bibiyar wuraren wasanni a Birtaniya ke tafka muhawara a kanta kowace shekara, musamman daga watan Nuwamba, lokacin da ake rufe yawancin wurin saboda hunturu, zuwa watan Maris da harka ke dawowa. Abin da ya ƙara wa muhawarar zafi shi ne, tun daga 2018 ba a gina wani sabon babban jirgin lilo daga tushe a wurin ba, sai ga shi a 2025 kamfanin da ke tafiyar da wurin ya sanar da cewa abin da ya tanadar wa 2026 ƙaramin jirgi ne na yara mai ɗauke da sunan Bluey, wani shirin katun na ƙasar Ostireliya. Wasu sun fassara wannan da cewa an juya wa manya baya ke nan, wasu kuma suna ganin akwai wani gagarumin aiki da ake ɓoyewa. Kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya, amma yawancin masu hasashen suna kallon tsayin lilon da saurinsa ne, alhali abin da ke yanke hukunci a ofishin kamfani wani abu ne daban.

Wurin da ake magana a kansa

Alton Towers yana gundumar Staffordshire a tsakiyar Ingila, kusa da wani ƙauye da ake kira Alton, kuma asalinsa gidan sarauta ne na dangin masu riƙe da sarautar Shrewsbury, da tsohon gini irin na fada da lambuna masu faɗi a cikin kwari. A 1980 aka mayar da shi wurin wasanni irin na zamani, aka kafa jirgin Corkscrew wanda ya yi aiki har zuwa 2008. Kamfanin Tussauds ya saye shi a 1990, sannan ya koma hannun Merlin Entertainments a 2007, kuma Merlin ɗin ne ke tafiyar da wasu wuraren wasannin irin su Thorpe Park da Chessington da Legoland na Windsor. Yana cikin wuraren da iyalai mazauna Birmingham da Manchester, har da 'yan Najeriya da ke zaune a can, kan kai yara idan an yi hutun bazara.

Kafin a shiga cikin gardamar, ya kamata a rarrabe abubuwan da ake hawa, domin da yawa daga cikin saɓanin yana tasowa ne daga haɗa su a kwando ɗaya. Akwai jirgin lilo, wato jerin taragai da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da murɗewa, kuma shi ne mafi tsada, shi ne kuma ake sa wa a allon talla. Akwai lilon da ke tsaye wuri guda yana juya mutane ko yana wujijjiga su, wanda ba ya cin fili kuma ba ya cin kuɗi kamar na farko. Sai kuma lilon cikin gini, inda ake zaunar da mutane a ƙaramar mota tana ratsa ɗakuna masu hotuna da sauti da labari, wanda ruwan sama ba ya hana shi aiki, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce a ƙasa irin Ingila.

Sandar awo a bakin ƙofa

A bakin kowane lilo akwai sanda ko allo mai alamar tsawo, kuma ma'aikaci ba ya tambayar shekarun yaro, tsawonsa yake aunawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan layi ya san abin da ke faruwa a wurin: yaro ya miƙe wuya, ya ɗan ɗaga dunduniya, ma'aikaci ya ce ya sauke ƙafa ya tsaya daidai, sai a ga saura ɗan yatsa biyu kansa ya taɓa alamar, a ba shi haƙuri, shi da uban su juya bayan sun taka doguwar tafiya. Ba mugunta ba ce, domin ƙarfen da ke danne kafaɗa ko cinya an ƙera shi ne da girman jiki na musamman, kuma wanda bai kai ba zai iya zamewa.

A Alton Towers manyan jirage biyar, wato Nemesis da Oblivion da Galactica da Rita da The Smiler, duk suna buƙatar tsawon mita 1.4, wanda yawancin yara ba sa kai wa sai sun kusa shekara goma. Wicker Man da Thirteen da Spinball Whizzer suna karɓar mai mita 1.2, wato yaro ɗan shekara shida zuwa bakwai. A can ƙasa kuma akwai ƙaramin jirgin Octonauts da ke CBeebies Land, sashen ƙananan yara, wanda mai santimita 90 ke iya hawa tare da babba. Idan aka dubi wannan jerin da idon mai gida da ya zo da 'ya'ya uku, za a ga inda giɓin yake: ɗan shekara uku yana da sashensa, matashi yana da nasa, amma ɗan shekara biyar zuwa takwas, wanda ya fi ƙarfin kayan jarirai kuma bai kai na manya ba, zaɓinsa kaɗan ne.

A nan ne ake yawan yi wa maganar abin hawa na iyali mummunar fahimta. Masu son manyan jirage da zarar sun ji an ce na iyali ne sai su ɗauka kayan 'yan rarrafe ake nufi, alhali a bakin masu wannan sana'a abin da ake nufi shi ne lilon da kaka da uba da ɗan firamare za su hau tare, kowa ya sauko ya ji ya hau wani abu. Wicker Man shi ne misali mafi kusa: jirgi ne na katako da kamfanin Great Coasters International na Amurka ya ƙera, an kashe masa kimanin fam miliyan 16, yana ratsa cikin wani ƙaton gunki mai fitar da wuta da hayaƙi, amma ba ya kifa mutum ko sau ɗaya, kuma ɗan shekara bakwai na iya hawa. Manya ba su raina shi ba, layinsa na cikin mafi tsawo a wurin.

Daga ina jita-jitar ke fitowa?

Babbar mafarin jita-jita ita ce takardun neman izinin gini. A Ingila, idan aiki babba ne, dole kamfani ya shigar da buƙata ga ƙaramar hukuma, a nan kuma majalisar gundumar Staffordshire Moorlands ce, kuma doka ta ba kowa damar duba takardun a intanet. Masu sha'awar wurin kan zauna su yi wa zanen ginin filla-filla, su auna tsawo da faɗi, su kwatanta da jiragen da kamfanonin ƙera lilo ke sayarwa, su fito da hasashen wane kamfani ne da wane irin jirgi. Sai dai takardar izini ana rubuta ta ne domin a gamsar da hukuma game da tsayin gini da ƙara da bishiyoyi da magudanar ruwa, ba domin a faɗi abin da ke ciki ba, don haka rabin abin da ake yaɗawa cike gurbi ne da mutane ke yi da abin da ransu ke so.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne aikin da aka laƙaba wa Project Horizon. A ƙarshen 2022 kamfanin ya nemi izinin kafa wani ƙaton gini a wani lungu na wurin da aka daɗe ba a amfani da shi, aka amince a 2023, kuma girman ginin ya sa kusan kowa ya yanke cewa jirgin lilo ne na cikin gini. Daga nan sai aka ga kuɗi na tafiya wasu wurare: an sabunta dogon Nemesis aka sake buɗe shi a Maris na 2024, shekara 30 cif bayan buɗewar farko, sannan a 2025 aka buɗe Toxicator, lilon da ke juya mutane a wuri guda, irin tsohon Ripsaw da aka cire bayan kakar 2015. Abin da mutane ke mantawa shi ne, samun izini ba alkawarin gini ba ne. Izinin yakan faɗi idan aka shekara uku ba a fara aiki ba, amma ɗan aiki kaɗan, kamar haƙa ramin harsashi, yana iya wadatarwa a ce an fara, don haka ganin motar haƙa a fili ba ya nuna cewa jirgi na tafe baɗi.

Hanya ta biyu ita ce rajistar sunan kasuwanci, wadda ita ma a buɗe take ga jama'a. Ita ma tana yaudara, domin kamfani na iya yin rajistar suna fiye da ɗaya. Lokacin da ake gina sabon jirgin Thorpe Park, an ga Merlin ya yi rajistar sunan Icarus, mutane suka ɗauka magana ta ƙare, sai daga baya aka ga Hyperia, kuma da shi aka buɗe jirgin a watan Mayun 2024.

Hanya ta uku kuwa kamfanin ne da kansa. Tun zamanin John Wardley, mai tsara jirage da ya fi kowa tasiri a tarihin wurin, Alton Towers yana yi wa manyan ayyukansa laƙabin makamin sirri, da haruffan SW da lamba: SW3 shi ne Nemesis na 1994, SW4 Oblivion na 1998, SW5 Air na 2002 wanda yanzu ake kira Galactica, SW6 Thirteen na 2010, SW7 The Smiler na 2013, SW8 kuma Wicker Man. A lura cewa lissafin ya fara ne daga uku, saboda na ɗaya da na biyu an tsara su amma ba a taɓa gina su ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar mai rantsuwa da zane. Shingen katako da ake kewaye fili da shi, da alamomin da ake liƙawa ba tare da bayani ba, duk dabarun talla ne, kuma duk wanda ya kwana yana gardama kan SW9, wato babban aikin da ake jira na gaba, talla yake yi wa kamfanin ba tare da an biya shi ba.

Bishiyoyi da maƙwabta

Duk hasashen da ya ce za a gina jirgi mafi tsayi a Alton Towers ana iya ajiye shi gefe tun kafin a gama karantawa. Saboda tsohon ginin da lambunan suna cikin kayan tarihi da doka ta kare, kuma wurin yana tsakiyar karkara, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada lilo ya zarce kan bishiyoyi har a hango shi daga ƙauyukan kewaye. Wannan ne ya sa aka fasa dutse aka haƙa rami aka dasa Nemesis a ciki, ta yadda tsayinsa daga doron ƙasa bai wuce mita 13 ba, amma mai hawa yana wucewa dab da bangon dutse ƙafafunsa na reto. Haka Oblivion, wanda ke tsayar da mutane a bakin gangara na ɗan lokaci suna kallon wani baƙin rami kafin ya sake su, mafi yawan faɗuwarsa ta kusan mita 55 a ƙarƙashin ƙasa take. Hyperia mai tsayin mita 72, wanda ya fi kowane jirgi tsayi a Birtaniya, ya yiwu ne a Thorpe Park saboda can babu irin wannan takunkumi.

Ga kuma batun hayaniya. A farkon shekarun 2000 an janye shirin gina wani babban jirgin katako da zai ratsa kwarin bayan an nuna adawa, kuma a 2004 wasu ma'aurata da ke zaune kusa da wurin sun kai ƙara kotu kan hayaniya suka yi nasara. Saboda haka idan aka ga kamfanin yana karkata ga lilon cikin gini, ba lallai ne son iyalai kaɗai ya kai shi ba, domin bango da rufi suna haɗiye ihun mutane, kuma sun fi sauƙin samun amincewar hukuma.

Hatsarin 2015 da lissafin kuɗi

A ranar 2 ga Yuni, 2015, wani taragon The Smiler mai ɗauke da mutum 16 ya yi karo da wani da babu kowa a ciki wanda ya tsaya a kan dogo. Mutum biyar sun ji munanan raunuka, aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa, kuma a Satumban 2016 kotu ta ci Merlin tarar fam miliyan 5. Yawan masu ziyara ya faɗi daga kimanin miliyan biyu da rabi zuwa ƙasa da miliyan biyu, aka rufe wasu kayan wasan domin rage kashe kuɗi. The Smiler, mai kifa mutum sau 14, an tallata shi ne da ban tsoro, kuma bayan hatsarin irin wannan talla ta zama abin da sai an yi taka-tsantsan. Ba abin mamaki ba ne da babban aikin da ya biyo baya ya zama na mai mita 1.2.

Sai dai karkata ga iyalai ta riga hatsarin. An buɗe CBeebies Land a 2014, bayan an ga yadda irin wannan sashe na yara ya amfani wasu wuraren wasanni, wato yadda Thomas Land ya ɗaga Drayton Manor daga 2008, da yadda Peppa Pig World ya mayar da Paultons Park, wanda a da ba a san shi sosai ba, wurin da ake tururuwa daga 2011. Lissafin a fili yake. Matasa huɗu kan zo da safe a mota ɗaya, sau da yawa da tikitin rangwame, su koma gida da yamma. Iyali kuwa sukan kwana, kuma Alton Towers yana da otal tun 1996, da Splash Landings mai wurin ninƙaya tun 2003, da otal na CBeebies tun 2017, ga abinci, ga 'yar tsana da yaro zai kafe sai an saya. Jirgin yara kuma mai ɗauke da sunan katun da aka riga aka sani a kowane gida kuɗinsa bai kai kusa da fam miliyan 18 da aka ce The Smiler ya ci ba.

Akwai kuma nauyin da ke kan kamfanin. A 2007 Merlin ya sayar da filin Alton Towers tare da wasu kadarorinsa sannan ya karɓe su haya, wato duk shekara yana biyan kuɗin hayar ƙasar da yake aiki a kai. A 2019 kuma kamfanin Kirkbi na iyalin da suka mallaki Lego, da kamfanin zuba jari na Blackstone, da asusun fansho na Kanada suka saye Merlin a cinikin da ya kusa fam biliyan 6, wanda bashi mai yawa ya biyo bayansa, ga annobar korona ta zo a kai. Shugabannin Alton Towers ba su ke da wuƙa da nama kan babban aiki ba, sai sun yi takara da sauran wuraren Merlin a ƙasashe da dama kan asusu ɗaya, kuma a 2023 da 2024 rabon ya faɗa wa Chessington da Thorpe Park.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son manyan jirage suna cewa sunan Alton Towers da su aka yi shi, kuma suna da gaskiya. Babu wanda ke tuƙa mota awa uku ta ƙananan hanyoyin karkara domin jirgin da zai iya samun irinsa kusa da gida, kuma yaron da ake kai wa CBeebies Land yau, Nemesis yake hangowa yana jiran ranar da zai kai alamar. Idan aka bar manyan suka tsufa ba a ƙara ba, za a rasa abin da ya bambanta wurin da sauran.

Masu goyon bayan kayan iyali suna amsawa da cewa manyan jirage sun riga sun wadata, abin da ya yi ƙaranci shi ne abubuwan da ke ɗauke cunkoso. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, ko da yake ba don dalilin da suka fi ambata ba. Wurin wasa yana aiki ne kamar tashar mota ranar jajibirin Sallah: idan motoci biyar kaɗai ke lodi, komai kyansu, layi zai kai bakin titi. Duk wani matsakaicin lilo da aka cire ba a maye gurbinsa ba, mutanen da ya kamata su kasance a kansa layin Nemesis suke komawa. Don haka mai son manyan jirage ma yana cin moriyar lilon iyali, ko da bai taɓa hawansa ba. Inda nake ganin wannan ɓangare ya yi sakaci shi ne ɗaukar jirgin Bluey a matsayin amsa, alhali yana ƙara wa sashen da ya riga ya ƙoshi ne, ya bar ɗan shekara bakwai inda yake.

Abin da zai shafi mai ziyara da maƙwabci

Ga mai sayen tikiti, sabon babban jirgi yakan zo da dogon layi a shekararsa ta farko, da matsin sayen tikitin tsallake layi da ake kira Fastrack, wanda ke raba masu ziyara gida biyu gwargwadon aljihu. Yakan kuma zo da tangarɗar sabon inji: Hyperia an rufe shi washegarin buɗewarsa, ya yi fiye da mako biyu bai yi aiki ba, kuma waɗanda suka kama otal tun watanni saboda jita-jita su suka sha asara. Ga mutanen ƙauyukan Alton da Farley da ke maƙwabtaka da wurin, ƙarin baƙi yana nufin ƙarin aikin yi na kaka ga matasansu, da kuma ƙarin motoci a kan titunan da ba a yi su domin wannan cunkoso ba.

Abin da zai fi canza lissafin yana kudu ne. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta sanar da cewa kamfanin Universal na Amurka zai gina wurin wasanninsa na farko a Turai kusa da Bedford, a filin wata tsohuwar masana'antar bulo, da niyyar buɗewa a 2031 da hasashen baƙi miliyan 8.5 a shekarar farko, wato ninki uku da ɗoriya na abin da Alton Towers ke samu a shekara mai kyau. Ƙarfin Universal yana wajen lilon cikin gini da fitattun sunayen fina-finai da iyali ke hawa tare, wato daidai fagen da Alton Towers ke da rauni. Tun da babban jirgi yakan ɗauki shekaru uku zuwa huɗu daga zane zuwa buɗewa, duk abin da Merlin ke son ya tare wannan gasa da shi dole takardunsa su bayyana a teburin majalisar Staffordshire Moorlands shekaru kafin 2031, kuma lambar da ta cancanci a nema idan an sanar da shi ita ce wadda za a rubuta a jikin sandar bakin ƙofa, mita 1.4 ce, ko 1.2, ko ƙasa da haka.